JARUMAN FIM: A YI RAHA KO A ƊAURE FUSKA?

In dai majalisar matasa masu kallon finafinan Amurka ce, da wuya a tashi ba a taɓo wannan musun ba. Wasu na cewa fim ɗin jarumai irin su Batman da Superman ba ya armashi sai an ɗaure fuska, gari ya yi duhu, bos ya zama abin tsoro na gaske. Wasu kuma su ce haba! Mutumin da ya yafa jan mayafi yana tashi sama, ina shi ina ɗaure fuska? A ba 'yan kallo dariya su huta. To, su kansu manyan Hollywood wannan musun ya ci masu maƙudan kuɗi, kuma abin da ya same su ya isa ya raba gardama.

A fara da Batman. A 1997 darakta Joel Schumacher ya fitar da 'Batman & Robin', inda George Clooney ya fito a jarumi, Arnold Schwarzenegger kuma a bos. An cika shi da launuka da barkwanci, har ya koma kamar wasan yara. 'Yan kallo suka yi tir da shi, aka jingine Batman har shekara 8. Sai a 2005 Christopher Nolan ya dawo da shi a 'Batman Begins', wannan karon ba wasa. A 2008 ya biyo da 'The Dark Knight', wanda ya tara sama da dala biliyan 1, marigayi Heath Ledger kuma ya ci kyautar Oscar a 2009 saboda yadda ya fito a Joker.

Masu son duhu sai su ce ga hujja nan. Amma a dai wannan shekara ta 2008 'Iron Man' ya fito, Robert Downey Jr. yana zuba raha da tsiya, kuma a kan wannan fim ɗin kamfanin Marvel ya gina daularsa. Ka ga ke nan shekara ɗaya, salo biyu, kowanne ya ci kasuwa.

Matsalar ta fara ne da kwaikwayo. Ganin duhu ya karɓi Batman, sai aka ɗauko rigar aka sa wa Superman. A 'Man of Steel' na 2013, darakta Zack Snyder ya nuna Superman ya karya wuyan Janar Zod bayan an ragargaza rabin birni. Masoya da yawa suka ce wannan ba Superman ɗin da suka sani ba ne. Shi Batman maraya ne da aka kashe iyayensa a gabansa, duhu gidansu ne. Shi kuwa Superman manoma ne suka raine shi cikin ƙauna, aikinsa ya sa mutane su ji akwai sauran alheri a duniya. Kowane tsuntsu ai kukan gidansu ya kamata ya yi.

Da ƙorafi ya yi yawa, sai kamfanin Warner ya juya akala. Bayan Snyder ya bar aikin 'Justice League' a 2017 saboda rasuwar 'yarsa, aka kawo Joss Whedon ya ƙarasa, ya ƙara barkwanci. Fim ya fito ba tsuntsu ba tarko, kuma bai yi kasuwar da aka sa rai ba.

Su ma 'yan raha ba su tsira ba. 'Thor: Ragnarok' na 2017 ya burge, sai darakta Taika Waititi ya ƙara gishiri a 'Thor: Love and Thunder' na 2022. Ga Natalie Portman tana fama da ciwon daji, ga Christian Bale uban da 'yarsa ta mutu a hannunsa, amma ba a barin mai kallo ya ji tausayi sai an jefo masa awaki masu ihu. Shi kansa Chris Hemsworth daga baya ya amsa cewa wasan ya yi yawa.

Duk wanda ya taso da finafinan Indiya ya san dariya da kuka suna zama a fim ɗaya. A 'Sholay' na 1975, Dharmendra ya hau tankin ruwa yana ba mutane dariya, amma da Gabbar Singh ya bayyana kowa sai ya nutsu. Sirrin shi ne kowanne an ba shi lokacinsa.

Saboda haka tambayar ba ta duhu ko haske ba ce. Abin dubawa shi ne: wane ne jarumin, kuma me labarinsa ke buƙata? Da James Gunn ya dawo da Superman mai fara'a da karensa Krypto a 2025, ai mayar da shi gida ya yi. Ranar da musun ya sake tashi a majalisa, sai a tambayi mai gardama: da aka gama fim ɗin, ya damu da abin da ya sami jarumin, ko kuwa hoto kawai ya kalla?