Akushin Kaka ya tafi a kan babur

Jama'a, makon jiya na je gida Gwaram na tarar an sayar da akushin Kakarmu. Wani mai yawon sayen tsofaffin kaya ne ya zo a babur, ya ba da kuɗin da ko buhun gawayi ba za su saya ba, ya haɗa har da ludayin. Da na yi magana sai Kawu ya ce, "Haba ɗana, ice ne fa, gara ma ta fara ci." Na yi shiru don babba ne, amma wallahi abin ya tsaya min a rai.

Kun san yadda ake ɗaukar irin waɗannan kaya a Amurka? Farfelar icen da manomi ya sassaƙa ya kafa iska na juya ta, da allon da aka rataya a ƙofar masauƙin matafiya shekara 200 da suka wuce, yau suna gidajen tarihi. A birnin New York akwai gida guda tun 1961, aikin hannun talakawa kawai yake tarawa. A kusa da garin Wilson kuwa, wani mai gyaran injinan noma, Vollis Simpson, ya riƙa haɗa farfeloli da tsofaffin ƙarafa. Ya rasu a 2013, a 2017 aka buɗe filin shaƙatawa da sunansa.

Mu fa? Farfelar kara da motar kara da muke yi bayan girbi, yaro nawa ya iya su yanzu? Allon mai aski da ake zanawa da hannu, bana ta kwamfuta ta kore shi. Ga zanen shanu a Dutsen Mesa da Dutsen Habude nan Birnin Kudu, masu bincike sun san da su tun shekarun 1950. Mu 'yan gida, mutum nawa ya taɓa zuwa?

Na san za a ce mai jin yunwa bai san tarihi ba. Gaskiya ne, kuma ban ga laifin Kawu ba. Ban ce kar kowa ya sayar ba. Amma kafin ka miƙa, yi shawara da 'yan'uwa, ɗauki hoto da wayarka, ka tambayi tsofaffi wa ya sassaƙa, a wane gari, ka rubuta. Ka kuma sani, dokar 1979 ta hana fita da kayan tarihi daga Najeriya sai da izinin hukumar gidajen tarihi.

Namu akushin, Kaka ce kaɗai ta san masassaƙinsa, ita kuma ta riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙan ta.

Ku me ya rage a ɗakin tsohuwarku? Ku leƙa yau, kafin mai babur ya riga ku.