Hukuncin Cinikin Fatu Da Kawunan Namun Daji A Ƙasar Funtuwa Da Malumfashi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata mas'ala da ta daɗe kwance a kasuwannin kudancin Katsina, tun daga Funtuwa da Bakori da Ɗandume har Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara, ba a cika tayar da ita ba sai ran da wani ya faɗa hannun hukuma. Ita ce cinikin abin da ya saura na naman daji bayan an ci nama, watau fata da ƙaho da haure da kai. Mai maganin gargajiya ya shimfiɗa tabarma ya jera guntun fatar damisa da kan ungulu, baduku ya ɗinka jaka da fatar mesa ko ta kada, attajiri kuma ya rataye kan gwanki da ƙahoninsa a bangon ɗakin baƙinsa. Har wa yau ga wata sana'a da ta zo daga Turai, wadda Larabawa ke kira tahniɗi: a feɗe dabba a jeme fatar, a ɗora ta bisa sassaƙe ko a cusa ta da auduga, a sa mata idanun gilashi, ta tsaya cak sai ka ce mai rai. Akan ga irin waɗannan a masaukan baƙi da gidajen manya, kuɗinsu kuwa ba kaɗan ba.

In aka tambayi mai sayarwa, amsarsa ɗaya ce, wai ba shi ya kashe zomon ba, rataya aka ba shi. To, amma fa a cikin wannan babi mai rataya shi ake kamawa. Shari'a ba ta sake shi ba, dokar Gwamnati ma ba ta sake shi ba. Kowace da tambayar da take yi masa, kuma duk biyun a kan asalin fatar suke.

Tambayar Shari'a ita ce, yaya dabbar nan ta mutu? Duk wanda ya karanta babin ciniki cikin Muhtasar na Halilu ya san an sharɗanta abin sayarwa ya zama mai tsarki, mai amfani, wanda ba a hana ba, wanda ake iya miƙa shi ga mai saye, kuma sananne. Fatar mushe ta faɗi tun a sharaɗin farko. Abin da ya shahara a mazhabar Maliku shi ne jima ba ta tsarkake ta tsarki cikakke. An yi rangwame a yi amfani da ita cikin busassun abubuwa da ruwa, amma ba a salla a kanta, ba a kuma sayar da ita, kamar yadda Ibn Abi Zaidi ya tabbatar cikin Risala. Ƙahon mushe da ƙashinsa da faratansa da haƙoransa duk najasa ne. Gashi da sufi kaɗai aka keɓe, in sausayarsu aka yi. Hanafiyya da Shafi'iyya, da wasu daga cikin Malikawa, sun tafi a kan jima na tsarkakewa, amma fatawar ƙasar nan a kan mashhuri take tafiya.

Fatun namun daji masu cizo kuwa, irin su zaki da damisa da kura, in yanka ya same su sun tsarkaka, ya halatta a sayar, ko da yake cin namansu makaruhi ne. Gadu ba ya cikin wannan, gama shi alade ne, yanka ba ya aiki a kansa. Hauren giwa an karhanta amfani da shi, da saɓani a ciki.

Nan ne maganar ta yi nauyi, domin yankan naman daji da sharuɗansa yake. Sai maharbi ya yi niyya ya ambaci sunan Allah sa'ad da zai saki kibiya ko mashi ko karensa mai horo. Harsashin bindiga malaman baya sun haɗa shi da waɗannan, saboda yana huda jiki ya zubar da jini. Amma abin da ya mutu cikin tarko kafin a iske shi, mushe ne. Wanda aka sa wa guba a bakin ruwa, mushe ne. Wanda aka harba da kibiya mai dafi, ba ta sami makasa ba, har ba a san ko ƙarfen ko dafin ne ya kashe shi ba, shi ma ba a cinsa. Mai karatu ya duba da kansa: cikin fatun damisa da ke yawo hannu zuwa hannu, guda nawa ne aka ce Bismillahi a kansu? Damisa dai ba a kayar da ita a ɗora mata wuƙa kamar ragon layya. Ɗan kasuwa da ya sayi fata daga hannu na uku ko na huɗu ba shi da shaida ko ɗaya a kan yadda ta mutu, kuma abin da aka saba gani a wannan harka shi ne tarko da guba.

Game da cusasshiyar dabbar nan ta ado, malaman zamani sun saɓa. Wasu sun ce ba ta shiga hanin gumaka da surori ba, tun da halittar Allah ce aka adana, ba kwaikwayonta aka yi ba. Majalisar fatawa ta dindindin ta ƙasar Saudiyya kuwa ta hana, ta ce ɓarnar dukiya ce, kuma ƙofa ce zuwa rataye surori da ƙudurta cewa abin yana kore sharri daga gida. Wannan tsoro na ƙarshe ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, inda ake neman fatar goshin zaki don kwarjini. Su Malikawa tun da can sun karhanta farautar wasa, sun kuma haramta farautar abin da ake ci ba da niyyar yanka ba.

Tambayar Gwamnati daban ce. Ita cewa take, wace dabba ce, kuma ina takarda? Wannan ma ba sabon abu ba ne. Tun 1916 Turawa suka kafa dokar kiyaye namun daji a Nijeriya. A 1933 aka yi wani alkawari a London tsakanin ƙasashen da ke mulkin Afirka, aka ce fata da ƙaho da haure ba za su ƙetare iyaka ba sai da takardar shaida, hauren giwa da aka tsinta a daji kuma na hukuma ne. Bayan mulkin kai, zamanin Firimiya Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, Jihar Arewa ta yi tata dokar a 1963, ta kasa namun daji kashi uku gwargwadon tsananin kariyarsu, ta ɗaure farautarsu da cinikin sassan jikinsu da lasisi. Da aka rarraba Arewa jihohi suka gaje ta, Katsina kuwa ta fita daga jihar Kaduna a 1987.

Sa'an nan ga alkawarin duniya da ake kira CITES, wanda aka ƙulla a Washington a 1973, ya soma aiki a 1975, Nijeriya na cikin waɗanda suka shige shi da wuri. Don cika wannan alkawari ne Gwamnatin soja ta fitar da Doka ta 11 ta 1985. Ta yi jeri biyu. Dabbobin jeri na farko, cikinsu har da zaki da damisa da raƙumin dawa da ɗankunya da kada da mesa, an hana farautarsu da cinikinsu ɗungum. Na jeri na biyu sai da lasisi. Abin da ya kamata 'yan kasuwa su lura da shi shi ne, dokar ba ta tsaya ga mai rai ba, ta haɗa da matacce da duk wani sashe nasa da ake iya ganewa, kuma ta ambaci mai ciniki da wanda aka sami abin a hannunsa. Ashe ke nan jakar fatar mesa da ke rataye a rumfa hukuncinta ɗaya da mesar. Tarar farko naira 1,000 ce, in mutum ya sake sai ɗaurin shekara guda ba zaɓin tara, kotu kuma tana iya ƙwace kayan. A 1985 naira ta fi dalar Amurka daraja, saboda haka tarar tana da cizo. Da tafiya ta yi tafiya sai ta koma ba ta kai kuɗin ɗan akuya ba, har aka gyara dokar a 2016 aka ninka tarar ninkin ba ninki. Wani abin lura, mutum guda ne ke bisa mulki duk sau biyun, watau Muhammadu Buhari mutumin Daura, da fari cikin kakin soja, daga baya cikin babbar riga. A 2025 Majalisar Wakilai da ta Dattawa duk sun amince da wani sabon ƙuduri mai ƙara tsananta ɗauri da tara.

Wanda ke zaton maganar takarda ce kurum, ya tuna da abin da aka yi a Abuja. Cikin Oktoba 2023 hukuma ta ƙone ɓawon ɗankunya kusan tan 4, tare da fatun damisa da mesa da kada da aka ƙwace. Cikin Janairu 2024 aka niƙe hauren giwa tan 2 da rabi. Dukiyar wasu ce wannan, sun zuba jarinsu ciki, ta tashi a toka da gari. Mai ƙetarawa da kaya ta Jibiya zuwa Maraɗi kuma ya sani Nijar ma tana da tata dokar farauta ta 1998, ga kwastan a kowane ɓangare, takardar fita waje kuwa Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke bayarwa.

Ƙasashen da suka ƙirƙiro sana'ar cusa fata ma ba su bar ta sake ba. A Amurka dokar 1918 ta hana sayar da tsuntsayen daji masu ƙaura, ko da maharbi da lasisinsa ya harbe su: yana iya cusawa ya ajiye a ɗakinsa, amma ba ya kai kasuwa. A Ingila an yi sassauci ga kayan da aka sarrafa kafin 1947, an kuma rufe cinikin hauren giwa a 2022 sai 'yan abubuwa kaɗan. Watau can ma halaccin mallaka daban, halaccin sayarwa daban.

Wasu za su ce, ina hujjar hukuma ta hana abin da Allah ya halatta? Amsa ita ce hurumi yana da asali. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u don dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza don dabbobin zakka. In shugaba ya taƙaita halal saboda maslahar jama'a, biyayya ta hau kan talakawa. Maslahar kuwa a bayyane take. Dattawan Faskari da Ɗandume sun ji labarin ɓauna da gwanki a dazuzzukansu daga bakin iyayensu, yau ga gonakin masara da auduga da waken suya sun cinye wurin. Zaki a Nijeriya sai a nemi labarinsa a Yankari da Kainji. Ungulu da ke cika mahauta a dā, tun 2015 masana suka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa, cinikin kanta don magani na cikin dalilai. Bayan wannan, mai sayar da kayan da ya san hukuma na iya ƙwacewa, in ya ɓoye wa mai saye, ya ɓoye aibi, wannan kuwa algus ne ba saɓani.

Inda abin ya fi shafar malamai shi ne rabon gado. Maharbi ko basarake ya rasu, a cikin tarikarsa a sami tsohuwar fatar damisa ko ƙahon ɓauna, magada su ce a yi mata kuɗi a raba. Mai rabo ya yi hattara. In mushe ce ba ta da farashi a mashhurin mazhaba. In yankakkiya ce tana da shi a fiƙihu, amma ba kasuwar da za a kai ta bisa doka, wanda aka ba ita a madadin gona ko sa an cuce shi. Abin da ya fi kusa da adalci shi ne kada a sa ta cikin ƙiyasin dukiya, magada su yarda wani ya ajiye ta, a kuma nemi shawarar ma'aikatan daji na jiha a kan takarda.

Ita Gwamnati ma da nata laifin. An rubuta dokokin nan da Turanci, an ajiye a Abuja da Katsina, ba wanda ya karanta wa baduku ko mai magani jerin dabbobin da harshen da yake ji. Zamanin En'e malamin daji yakan zaga ƙauyuka, doka takan bi ta bakin hakimi da dagaci har ta isa ga Sarkin Baka. A 2020 an amince a mai da dajin Kogo na ƙasar Faskari gandun daji na ƙasa, cikin guda 10 da aka ƙara, kamar yadda aka yi wa Kamuku na Birnin Gwari a 1999. Amma dazuzzukan yammacin nan 'yan bindiga sun yi shekaru suna kai da kawowa cikinsu, har manomi bai iya zuwa gonarsa ba, balle mai gadin daji. Sai ya zama inda ake kisan ba mai tsaro, inda ake iya kamu kuwa sai tabarmar talaka a kasuwa. Da za a juya jerin nan zuwa Hausa, da boko da ajami, a bi da shi ta fadar Sarkin Maska a Funtuwa da ta Galadiman Katsina a Malumfashi, a kuma ba da wa'adi kowa ya kawo abin da ya gada a rubuta ba tare da tsoron kamu ba, da an rarrabe tsohon gado da sabon kisa.

Masu ƙirgi da majema da dukawan da ke aiki da fatun shanu da awaki da tumaki yankakku, wannan magana ba ta shafe su ba ta kowace fuska. Haka nan buzun da malam ke zama a kai, in na ragon layyarsa ne, ya ci gaba da salla a kansa, sai dai fatar layya ita ma mai layyar ba ya sayar da ita.

Haza wasalam.