Kafin iska ta sake yaye rufin Gwandu da Kalgo, a koyi auna ta

Duk shekara, da zarar hadarin farkon damina ya taso daga gabas tsakanin Afrilu da Yuni, magidanta a Gwandu da Kalgo kan kwana da fargaba. Iskar da ke zuwa gaban ruwa takan yaye kwanon gidaje da na ajujuwa, ta karya turakun lantarki. Bayan nan sai a yi jaje, a sayo kwano da ƙusa, kafinta ya sake buga rufin yadda ya buga na farko. Da wuya a ji wanda ya tambayi gudun iskar, ko ƙarfin da rufin zai iya jurewa.

Injiniyoyin jiragen sama sun daɗe da samo hanyar amsa irin wannan tambaya. Suna amfani da bututun gwajin iska, inda ake ajiye samfurin fiffike ko na gini, a hura masa iska, a auna yadda take tura shi. A 1901 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright a Amurka suka ƙera ƙaramin bututu irin wannan, suka gwada siffofin fiffike da dama, sannan jirginsu ya tashi a 1903.

A manyan bututun zamani iska kan kai gudun sauti, wato kimanin kilomita 1,200 a awa, har ta wuce. A wasunsu ana matse iska a tankuna a sake ta, gwajin ya ƙare cikin daƙiƙoƙi. Matsin tankin yana raguwa, ana karkata samfurin, gudun iskar na sauyawa, kuma ɗan kuskure kan ɓata sakamakon gwaji mai tsada. A nan ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Ana bai wa kwamfuta bayanan gwaje-gwajen baya: matsin iska, buɗewar bawul, karkatar samfuri. Daga nan take koyon hasashen gudun iskar kafin ya sauya, a gyara bawul a kan kari. Sai dai abin da aka nuna mata kawai ta sani. In bayanan ba su da inganci, hasashen ma haka.

Kebbi ba ta buƙatar bututu mai gudun sauti. Wanda ya dace da ita shi ne ƙarami mai fanka, da zai gwada samfurin rufi, da allunan sola, da rumfunan kasuwa. Lissafin a bayyane yake: idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take tura rufi da shi yakan ninka huɗu. Shi ya sa tazarar ƙusa, kaurin katako da yadda aka ɗaure rufi da bango ke raba ginin da ya tsira da wanda ya kwana a buɗe.

Akwai inda za a fara. Mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, yana Kalgo. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero. Ya kamata su haɗa kai su nemi tallafin TETFund don ƙera bututun, su kafa na'urorin auna iska a makarantun Gwandu da Kalgo, su haɗa bayanansu da na hukumar NiMet. Ɗaliban kwamfuta su horar da manhajar, ɗaliban injiniya su yi gwajin, a fassara sakamakon da Hausa a kai wa kafintoci da magina.

Ita kuma gwamnatin jiha ta sanya wannan ma'auni cikin sharuɗɗan kwangilar kowane aji da asibiti da za ta gina. Kuɗin da ake kashewa wajen sake rufin aji ɗaya sau biyu, gara a kashe shi wajen gano dalilin da ya sa na farko ya tashi.