Daga Madina Zuwa Yakawada: Wa Ake Ɗauka Ya Karanci Likita?

Sharhin namu na yau daga birnin Madina yake zuwa muku, kuma a kan ƙofar shiga makarantar likita zai tsaya: wa ake buɗe wa ita, kuma ina yake nufa bayan ya karɓi takardar gamawa.

Alhajin da zazzaɓi ya kayar a Madina ba ya wahalar neman magani. Asibitin Ansar na nan dab da Harami, ga na Sarki Fahad, ga na Uhudu, ga motocin ɗaukar marasa lafiya a tsaye a bakin masallaci dare da rana. Da wannan labari alhazanmu ke komawa gida, kuma gaskiya suke faɗa. Sai dai birnin kawai suka gani. Lardin Madina ya kai faɗin murabba'in kilomita 150,000, wato ya fi jihohin Kano da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Jigawa in an haɗa su wuri guda, alhali mutanensa ba su wuce miliyan 2 da 'yan kai ba. Kusan kashi biyu cikin uku a birni suke zaune. Sauran suna Yanbu ta bakin teku, da Badar, da Haibara, da Hanakiyya, da Mahdu Zahab, da ƙananan ƙauyuka da ke maƙale tsakanin baƙaƙen duwatsu. Daga garin Ula da ke lardin zuwa birnin Madina tafiyar fiye da kilomita 300 ce.

Saudiyya ba ta rasa kuɗin gini ba. Ta kafa cibiyoyin lafiya har a garuruwan da ba su kai kawo ba, ta shimfiɗa kwalta, a 2022 kuma ta buɗe asibitin Sihha a Riyad, inda ƙwararru ke duba marasa lafiya na nesa ta intanet. Abin da ya yi mata wuya shi ne wanda zai zauna a ɗakin duba mara lafiya shekara da shekaru. Da yawa daga likitocin ƙananan garuruwa baƙi ne 'yan kwantiragi, daga Masar da Sudan da Pakistan da Indiya, da kuma Najeriya. A watan Agustan 2021, ana tsakar yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa, ɗaruruwan likitocin Najeriya suka yi cincirindo a wani otal a Abuja inda ake tantance masu son aiki a Saudiyya. Ƙauyen Hijaz ya sami likita na aro, ƙauyen Katsina ya rasa wanda dama bai ishe shi ba. Kwantiragi na ƙarewa kuma, mai aro ya naɗe tabarmarsa.

Ina likitocin da lardin ke yayewa da kansa? Jami'ar Ɗaiba, wadda aka kafa a 2003, tana da kwalejin likita a cikin birnin Madina, tana da rassa a Yanbu da Ula da wasu garuruwa. Akwai kuma kwalejin Rayyan mai zaman kanta. Mai neman gurbi a jami'ar gwamnati da abu uku ake auna shi: sakamakon sakandare, da jarrabawar Ƙudurat mai gwada kaifin ƙwaƙwalwa, da ta Tahsili mai gwada abin da ya riƙe na kimiyya da lissafi. A haɗa su a fitar da maki guda, a jera sunaye daga sama zuwa ƙasa, a ja layi. Wanda ya haye zai yi shekara 6 yana karatu, ya ƙara shekara guda ta horon asibiti da a nan ake kira imtiyaz.

A ido, babu son kai a wannan tsari. Amma maki yana auna makarantar da yaro ya yi kamar yadda yake auna yaron. Ɗan birni da ya sami ɗakin gwaje-gwaje da malamin darasi na yamma, da ɗan ƙauyen da malami ɗaya ke koya musu fanni uku, ba daga layi ɗaya suka tashi tseren ba. Ɗan birnin kuwa, in ya gama, iyayensa na birni, matar da zai aura na birni, makarantar da yake so 'ya'yansa su shiga na birni. Ba laifinsa ba ne in aka tura shi ƙauye ya fara lissafin ranar dawowa tun bai kwance kaya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nazarin wannan matsala, ta fitar da shawarwari a 2010. Ta ce kusan rabin mutanen duniya a karkara suke, amma likitocin da ke yi musu aiki ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Shawararta ta farko a jerin ita ce a riƙa ɗaukar ɗaliban da suka tashi a karkara da gangan, domin bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna su suka fi komawa, su suka fi daɗewa. Ta sake jaddada hakan a 2021. Bahaushe dai tun tuni ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai makarantun da aka gina kacokan a kan wannan. A Japan, larduna 47 na ƙasar suka haɗa hannu a 1972 suka kafa Jami'ar Likita ta Jichi. Kowane lardi yakan tura ɗalibi biyu ko uku a shekara, don haka da 'yan lardinsa ɗalibi yake gasa. Kuɗin karatu bashi ne a wuyansa, amma in ya koma gida ya yi aiki shekara 9, kusan rabinsu a ƙauyukan tsaunuka da tsibirai, an yafe masa.

A arewacin Ontariyo ta Kanada, yankin da ya kusa kai Najeriya faɗi amma mutanensa ba su cika miliyan ɗaya ba, an buɗe makarantar likita a 2005 a garuruwan Sudbury da Thunder Bay. Ba ta neman babbar jarrabawar shiga da yawancin makarantun likita na Kanada da Amurka ke dogara da ita. Tana duba sakamakon digirin farko, sannan ta ba mai nema maki a kan inda ya girma da tsawon zamansa a can, ta kira shi ganawa ta ji ko ya san rayuwar mutanen da yake cewa zai yi wa aiki. Kusan tara cikin goma na ɗalibanta 'yan yankin ne. A shekarar farko kowa sai ya yi mako 4 a cikin al'ummar 'yan asalin ƙasar, a shekara ta uku kuma ya yi wata 8 a ƙaramin gari yana bin likitan garin, daga ɗakin haihuwa zuwa gidan tsohon da ba ya iya fita.

Misalin da ya fi kusa da Bahaushe yana Sudan. Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, wadda aka kafa a 1975, ta ɗauki ɗaliban likita na farko a 1978, a tsakiyar gonakin audugar da Hausawa da Fulani suka daɗe suna noma, ba nisa da garin Mai Wurno da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi. Tun daga shekarun farko na karatu ake haɗa ɗalibi da iyali guda ya riƙa bibiyar lafiyarsu, ake tura rukuni-rukuni ƙauye su gano matsalar ruwa ko ta sauro su nemi mafita tare da mutanen gari. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya tarwatsa karatu a Sudan, ya koro dubban ɗaliban Najeriya gida, ya isa Wad Madani a watan Disambar shekarar. Amma tsarin da Jazira ta shimfiɗa ya riga ya bazu.

A gida ma ba baƙon abu ba ne. Jami'ar Ilori ta fara tura ɗalibanta zama a ƙauyuka tun ƙarshen shekarun 1970. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta buɗe sashen likita a 1967, ta daɗe tana kai nata Malumfashi, yanzu kuma duk wanda ya yi karatu a can ya san Yakawada ta ƙaramar hukumar Giwa. 'Yan Jami'ar Bayero sun san Kumbotso. Sai dai 'yan makonni ne a cikin shekara 6, kuma a lokacin an riga an gama zaɓen waɗanda za su zama likitoci.

Zaɓen nan ne ke da gyara. Ƙa'idar jami'o'in tarayya ta ware kashi 45 cikin ɗari na gurabe ga waɗanda suka fi maki, 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Ƙa'idar jiha take gani, ba ta ganin ƙauye. Yaron da ya tashi a unguwar Nasarawa ta masu hali a birnin Kano, da wanda ya tashi a wani ƙauye a Doguwa, a takarda duk 'yan Kano ne. Takardar shaidar ƙaramar hukuma ma garin kakan mutum take faɗa, ko da bai taɓa kwana a can ba.

An gwada wata hanya a Arewa, kuma ta yi aiki. Daga 2012, shirin Mata Don Lafiya, da tallafin Birtaniya, ya shiga jihohin Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe. A lokacin, gari ke zama, da dagaci da limami da iyaye, su zaɓi yarinyar da za a tura. A ba ta shekarar share fage ta gyara sakamakonta na kimiyya, ta shiga makarantar ungozoma ko ta jinya, bisa alkawarin za ta dawo ta yi wa garinta aiki. Matan aure sun shiga, har da masu goyo, aka tanadar musu wurin reno. Abin da ya yiwu ga ungozoma zai yiwu ga likita, in gwamnonin da ke biyan kuɗin karatun ɗalibai a waje da cikin gida suka ware gurabe da sunan ƙananan hukumomin da ba su da likita ko ɗaya.

Tura 'ya mace wannan karatu kuwa, Madina ce ta fi kowa hujja. A shekara ta 5 bayan Hijira, da aka harbi Sa'adu ɗan Mu'azu a yaƙin Handaƙ, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka kai shi tantin Rufaida Ba'aslamiya da ke cikin masallaci, inda take jinyar masu rauni. Matar ƙauye da doguwar naƙuda ta kama, ko jijjiga, ta fi saurin yarda a kai ta asibiti in ta san mace za ta tarar. Duk wanda ya leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina ya ga matan da yoyon fitsari ya raba da gidajensu, ya san abin da jinkirin kwana biyu ke haifarwa.

To, mai neman shiga fa? Ɗalibin Najeriya ya san hanyarsa: kiredit biyar a Turanci da lissafi da fizik da kemistiri da bayoloji, sai jarrabawar JAMB, sai tantancewar jami'a. Bayan wannan, ya yi wa kansa abin da makarantun Jichi da Ontariyo za su nema daga gare shi. Ya je asibitin sha-ka-tafi na garinsu lokacin hutu, ya zauna kusa da malamin asibiti, ya ga yaron da tamowa ta cinye, da manomin da maciji ya sara aka ɗauko a babur, da yadda ake haihuwa da hasken waya. In gwamnati ta ba shi tallafi da sharaɗin dawowa, ya karanta takardar alkawarin tare da mahaifinsa kafin ya sa hannu: shekara nawa, a ina, me za a biya in an saɓa.

'Ya'yan Hausawan da aka haifa a Madina, waɗanda iyayensu ke zaune da iƙama, suna da nasu ƙalubalen. Guraben likita a jami'o'in gwamnati kusan duk na 'yan ƙasa ne, na kuɗi kuma sun fi ƙarfin yawancin gidaje, shi ya sa da dama ke duban Masar ko gida. Sun yi sakandare da Larabci, karatun likita kuwa da Turanci ake yinsa a Saudiyya da Najeriya, da Faransanci a Yamai da Maraɗi. Sai sun dage a nan. Sai kuma sun riƙe Hausar gida da kyau, domin tsohuwar da za ta ce cikinta na murɗa, ko jiri na ɗibarta, ko jikinta ya mutu, da waɗannan kalmomi kaɗai za ta bayyana ciwonta.

Hukuma ma alkawari ya hau kanta. Ɗan ƙauyen da ya koma gida da takardar likita yana buƙatar gidan kwana, da wuta a ɗakin tiyata, da jini a firiji, da albashi kan lokaci, da hanyar ƙaro karatu ba tare da ya yi ƙaura ba. A sassan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato yana buƙatar tsaro kafin komai, domin 'yan bindiga sun sace ma'aikatan lafiya, sun sa an rufe asibitoci. Wanda ya tura shi bai tanadi waɗannan ba, to shi ma layin otal na Abuja zai bi.

A farkon kowace shekara ake buɗe rajistar JAMB, bayan 'yan watanni kuma hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi su fara tattara sunaye. Kafin lokacin, kowane shugaban ƙaramar hukuma zai iya sa a kawo masa sunayen yara biyar, maza da mata, da suka fi ƙoƙari a kimiyya a makarantun ƙauyukansa, ya nemo musu malamin kemistiri, ya biya musu kuɗin fom, sannan ya ɗauki sunayen da hannunsa ya kai babban birnin jiha.

Sharhin ke nan daga Madina.