Suna a Gindin Mota, Tarihi a Juji

Muna da magana da attajiranmu da kuma hukuma.

Lambar mota a Gana ba ta faɗin komai sai harafin yanki da shekara: GR ko GT na Ankara, AS na Asante, NR na Arewa, sai shekarar rajista da aka soma liƙawa a ƙarshe tun 2009. A Najeriya kuwa kowace jiha da kirarinta a jikin lamba, Kano cibiyar kasuwanci, Sakkwato mazaunin daular Usmaniyya. Abin da attajiranmu suka ga ya dace su ƙara shi ne sunayensu. Mutum ya zuba dubban sidi a hukumar DVLA domin a karanta laƙabinsa a gindin mota, alhali wuraren da talakawa suka zubar da gumi wajen gina ƙasar nan suna ɓacewa ba mai tambaya.

A duba Amurka. Daga 1933 zuwa 1942 gwamnatin Roosevelt ta tara samari marasa aiki kimanin miliyan 3 a sansanoni, suka dasa itatuwa wajen biliyan 3, suka yi hanyoyi da gadoji. Har yau ana kula da gine-gine da dama da suka bari, an kafa musu alluna da gidajen tarihi. Jihohi da dama a can suna sayar da lambar mota mai zane na musamman, ƙarin kuɗin ya shiga asusun kula da gandun daji da wuraren tarihi. Mai son a gan shi ya biya, jama'a ta amfana.

Gana ma ta yi irin wannan. A 1957 Nkrumah ya kafa rundunar magina, wadda daga baya ta zama rundunar ma'aikata, Birged a bakin jama'a. An yi sansanoninta a wurare kamar Kanda, maƙwabciyar Nima, da Damongo, matasa suka yi noma da gini. Bayan juyin mulkin 1966 ta watse. Yau yaro nawa ne a Nima zai iya nuna inda sansanin Kanda ya tsaya?

Masu cewa Birged 'yan bangar jam'iyyar CPP ne, gara a manta da su, mun ji su. An yi zargin, kuma a rubuta shi a kan allon tare da sauran labarin. Adana wuri ai ba wanke mutanensa ba ne. Wanda ya rushe shaida ya hana mai yabo da mai suka duka hujja. Mu kuwa mun san zafin rashi: tsohuwar Karaki, garin Alhaji Umaru wanda ya rasu a 1934, ruwan tafkin Volta ya cinye ta bayan gina madatsar Akosombo. Wancan ruwa ne ya ci, wannan sakaci ne ke ci.

Buƙatarmu biyu ce. DVLA ta fito da lambar tarihi, ƙarin kuɗinta ya tafi kai tsaye ga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, a riƙa bayyana lissafinsa kowace shekara. Sarakunan zango kuma su sa matasa su naɗi muryoyin dattawan da suka ga sansanonin nan da idonsu, attajirai su ɗauki nauyin aikin. Dattawan nan sun haura tamanin, ba za su jira hukuma ba.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.