WANE NE A BAKIN ƘYAURE? HUKUNCIN KARE GIDA CIKIN DARE

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, shekara da shekaru mutanen arewacin Kano suna jin labarin 'yan bindiga a rediyo kamar labarin wata ƙasa mai nisa. Ana cewa Zamfara, ana cewa Batsari da Jibiya, mu kuwa muna cewa Allah ya kawo musu sauƙi, mu koma gonakinmu. To, a ƙarshen shekarar 2025 wutar ta tsallako iyaka. Bayan da ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina suka yi zaman sulhu da 'yan bindiga a wannan shekara, sai ga barayin a kan babura suna shigowa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa cikin dare. Mutane suka yi ta barin Faruruwa. A farkon Nuwamba rundunar soja ta ba da sanarwar ta kashe 'yan bindiga 19 a yankin Shanono, ita ma ta rasa sojoji 2 da ɗan sintiri 1. Kafin watan ya ƙare aka shiga Biresawa ta Tsanyawa da dare, aka yi awon gaba da mutane, har da matan aure.

Tun daga nan tambaya ɗaya ce a bakin magidanta, a majalisa da ƙofar masallaci da kasuwar Bichi: idan na ji ana taɓa ƙyaurena tsakar dare, me zan yi? Mun ji amsoshi suna yawo, kuma wasunsu sun fi ɓarawon kansa haɗari.

Masu cewa a naɗe hannu

Kashi na farko su ne masu cewa Musulmi ba shi da abin yi sai haƙuri, wai ɗaukar makami rashin tawakkali ne, abin da Allah ya rubuta ba makawa sai ya faru. Wannan magana an yi mata ado da sunan addini, amma addini bai san ta ba. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya. Aka hana shi miƙa dukiyar, aka ba shi izinin ya yaƙi maharin idan ya yaƙe shi, aka yi masa bushara da shahada idan aka kashe shi, aka kuma sanar da shi cewa makomar maharin wuta ce idan shi ya mutu. Wannan kan dukiya ke nan. Malamai sun ce kare dukiya halal ne, mutum yana iya barinta don ya tsira da ransa, amma kare mutuncin iyali wajibi ne a kan duk mai iko. Wane tawakkali ne zai sa namiji ya zuba ido ana jan matarsa ko 'yarsa zuwa daji?

Bukhari da Muslim sun kawo labarin daren da mutanen Madina suka firgita da wata ƙara. Da suka fito suka nufi wurin, sai suka haɗu da Manzon Allah (SAW) yana dawowa a kan dokin Abu Ɗalha ba sirdi, takobi rataye a wuyansa, ya riga kowa zuwa, yana kwantar musu da hankali. A Uhudu ya sanya sulke biyu. A yaƙin Ahzab ya haƙa gwalalo da hannunsa mai albarka. Shin akwai wanda ya fi shi tawakkali?

Masu cinikin tsoro

Kashi na biyu su ne waɗanda kasuwarsu ta buɗe da wannan musiba. Ga mai guru, ga mai kambu, ga mai layar zana, ga mai rubutun sha da aka ce harsashi zai zama ruwa. Talakan da bai gama biyan bashin taki ba sai ya sayar da buhun gero ya sayi laya, ya fita gaban mai AK-47 da ƙirji a buɗe. Ya yi asarar gero, ya jefa tauhidinsa cikin haɗari, sau da yawa kuma ya yi asarar rai. Muna tambayar masu wannan sana'a: idan maganin bindiga gaskiya ne, me ya hana ku ɗaura shi ku shiga dajin Rugu ku dawo mana da waɗanda aka sace? Annabin da aka fasa wa haƙori a Uhudu, aka raunata fuskarsa, da akwai abin da ke hana ƙarfe cin jiki ta halastacciyar hanya, shi ya fi kowa cancantar samunsa. Zikirin safiya da maraice da addu'ar kwanciya barci suna nan a cikin Sunna kyauta, ba mai karɓar ko sisi a kansu, kuma ba su taɓa hana mai yinsu kulle ƙofa ba.

Masu harbin duhu

Kashi na uku su ne suka fi ba mu tsoro, domin suna farawa da gaskiya su ƙare da ɓarna. Su ne masu cewa duk abin da ya motsa bayan isha'i a sakar masa wuta, a yi tambaya da safe.

Ku dubi ƙasar da muke zaune a kanta. Daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, daga Bagwai zuwa Dambatta, da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka ga gida ba. Gona tana jikin gona, danga tana jikin danga, tsakanin ɗakinka da na maƙwabcinka wani lokaci zana ce kawai ko katangar ƙasa. Harsashi bai san zana ba, kuma bai san dangi ba. Sannan su wa ke yawo da dare a irin wannan ƙasa? Mijin da matarsa ke naƙuda ya fito neman ungozoma. Yaron da akuyarsu ta tsinke. Manomin rani da ya yi sammako zuwa ban-ruwa a bakin madatsar Watari ko ta Tomas. Ɗanka da ya dawo daga ci-rani motarsu ta yi dare. Mai taɓin hankali da ya ɓata hanya. A kowane dare irin waɗannan sun fi ɓarayi yawa nesa ba kusa ba. Wanda ya harba kafin ya tantance, ya fi kusa da kashe ɗan'uwansa a kan kashe ɗan fashi, kuma jinin mumini ba abin wasa ba ne. Annabi (SAW) ya hana ko nuna ɗan'uwa da makami, saboda Shaiɗan yana iya fizgar hannun mutum.

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Malaman fiƙihu sun kira shi tunkuɗe mai kawo hari, suka jera masa matakai. A ruwayar Nasa'i, da aka tambayi Manzon Allah (SAW) game da mai zuwa ƙwace, ya fara da a tuna masa Allah, sannan a nemi taimakon Musulmin da ke kusa, sannan a nemi hukuma, faɗa ya zo a ƙarshe. A Mukhtasar na Shehu Khalil, wanda ake karantawa a zaurukan Kano tun kakanni, an sharɗanta gargaɗi ga mahari mai fahimtar magana idan akwai damar yin hakan, kuma ba a halatta nufin kisa ba sai an san ba abin da zai tunkuɗe shi sai kisan. Abin da tsawa za ta kora ba a ɗaukar masa sanda, abin da sanda za ta kora ba a ɗaukar masa bindiga.

Saboda haka dole magidanci ya bambance baƙin dare. Wanda ya zo ɗaukar kaza ko ɗiban dawa a rumbu, ya ji motsi ya zura da gudu, sharrinsa ya tunkuɗu, harbinsa ta baya kisan kai ne. Wanda ya zo da bindiga a fili yana fasa ƙofa don ya ɗauki mutane, wannan muharibi ne, irin waɗanda aya ta 33 ta Suratul Ma'ida ta yi magana a kansu, ba a jiran sai ya fara harbi, kuma ba a wajabta maka gargaɗin da zai nuna masa inda kake ba. Wanda kuwa ba ka san ko wane ne ba, to hasken tocila da tambaya da kururuwa su ne haƙƙinsa a kanka kafin komai. Mu ma masu shiga gidajen mutane mu ji tsoron Allah: Suratun Nur ta wajabta neman izini da sallama, Sunna kuma ta hana matafiyi ya faɗo wa iyalinsa cikin dare ba sanarwa. Yau da waya a aljihun kowa, ba wanda ke da uzuri.

Idan kuma Allah ya ba da sa'a aka kama ɓarawo, daga lokacin da aka ɗaure hannunsa ya zama amana, sai a miƙa shi ga hukuma. Haddi aikin alƙali ne. Rataya wa mutum taya a cinna masa wuta haramun ne, domin azaba da wuta ta Ubangijin wuta ce shi kaɗai. Mu Kanawa mun ɗanɗana ɗacin hukuncin gungu: a watan Maris 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafi yawansu 'yan Ƙaramar Hukumar Bunkure, suna hanyar dawowa gida yin Sallah, don kawai an ga bindigogin toka a motarsu an yanke cewa masu garkuwa da mutane ne. Abin da muka yi kuka da shi da aka yi wa namu, da wane baki za mu halatta shi a kan wani?

Zamfara ma darasi ce. Can 'yan sa-kai suka tashi da sunan kare kai, sai abin ya koma kama Bafulatani a kasuwa a kashe ba shari'a, ɗaukar fansa ta biyo baya, har aka kai ga kisan fiye da mutum 100 a 'Yar Galadima cikin Afrilu 2014. Fulanin da ke zaune a tsakaninmu, masu kawo nono kasuwanninmu, waɗanda shanunsu ke taka gonakinmu bayan girbi su bar mana taki, su ma ana kore musu dabbobi. Laifi na mai laifi ne. Ranar da muka mai da kare gida ya zama farautar ƙabila, ranar muka haƙa ramin da jikokinmu za su faɗa.

Ga mahukunta

Ku kuma masu mulki, maganarku biyu ce, talaka ya rasa wadda zai kama. A Agusta 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya ce mutanen Katsina su nemi makami su kare kansu. A Yuni 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta faɗa wa Zamfarawa haka, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. A Agusta 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. Alhali sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya amince da amfani da ƙarfi gwargwadon bukata don kare rai ko dukiya, Dokar Makamai ta 1959 kuma ta tsara lasisi hawa-hawa: manyan makamai sai da izinin Shugaban Ƙasa, bindigar farauta ta zamani a hannun Sufeto Janar, bindigar toka a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda. Wato doka ta ba mutum haƙƙin kare kansa, sannan hanyar samun abin karewar ta zama mai wuya, shi kuwa ɗan fashi bai taɓa cika fom ba. Ko dai ku tsare mutane tsaro na gaskiya, ko ku buɗe halastacciyar hanya a tantance magidanta ta hannun masu unguwanni da dagatai da limamai, a yi musu rajista, a koya musu. Allah zai tambayi kowane makiyayi game da abin da aka ba shi kiwo.

Duk da haka ba mu kira kowa ya je kasuwar bayan fage ya sayi haramtaccen makami ba. Mai yin haka yana zuba kuɗinsa a aljihun dillalan da ke sayar wa ɓarayin, yana kuma jawo wa kansa kurkuku ya bar iyalin da yake son karewa ba kowa. Wanda ke da bindiga bisa doka ya ajiye ta inda hannun yaro ba zai kai ba, kada ya ɗauke ta cikin fushi, kada ya ba da aronta.

Makaminmu na farko

Cunkoson gidajen nan da ya sa harbin duhu ya zama haɗari, shi ne kuma babbar garkuwarmu. A ƙasar da kururuwa ɗaya ke tayar da gida goma, ɓarawo ba ya son a farka. Kakanninmu sun san gayya a gona, sai mu mai da ita gayyar tsaro. Kowace unguwa ta tsara sintiri bi da bi da sanin mai unguwa da 'yan sanda, a ɗora dattijo mai hankali a kan matasa. A yi yarjejeniya kan alamar da kowa zai gane, ko usur ko lasifikar masallaci. Kowane gida ya san ɗakin da mata da yara za su taru da hanyar da za su fita, ya riƙe lambar maƙwabta da ta jami'an tsaro mafi kusa. A gyara ƙyaure da sakata tun da rana. Kada mutum ɗaya ya bi sawun ɓarayi cikin duhu. Kuma a sa ido kan masu kai musu rahoto, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a kai zargi gaban hukuma da hujja, kada gaba ta gona ko ta aure ta sa a laƙa wa bawan Allah sunan infoma.

Tirmizi ya ruwaito bushara ga idon da ya kwana yana gadi saboda Allah, cewa wuta ba za ta taɓa shi ba. Muna fatan wannan lada ga duk matashin da ya bar shimfiɗarsa cikin sanyin hunturu don maƙwabtansa su yi barci, matuƙar ya tsaya inda Shari'a ta tsaya.

Allah ya kuɓutar da waɗanda ke hannun azzalumai, ya jiƙan waɗanda aka kashe, ya tsare hannayenmu daga jinin da bai halatta ba, ya mayar mana da aminci a garuruwanmu da ƙauyukanmu.