Godiyar Jos ba takardar yabo ba ce

Duk kaka, ranar sujadar godiya, majami'un Jos kan cika da buhunan masara, acca da dankalin turawa. Matan zumunta na waƙa, ana jera baiko gaban bagade. Hadimin da ya rako maigidansa daga Abuja na iya komawa da labarin cewa jama'a na cikin wadata. Zai yi kuskure.

Mazauna Kwararafa da sauran unguwannin tsakiyar gari ba su manta da rikicin Satumban 2001 ba, balle gobarar babbar kasuwar Terminus a 2002. Ranar 26 ga Fabrairun 2012 bam ya tashi a hedikwatar COCIN ana tsakar sujada. A jajibirin Kirsimetin 2023 an kashe fiye da mutum ɗari a ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi. Duk da haka godiya ba ta yanke ba, domin a wurin Kirista ba cikar rumbu take jira ba.

Sai dai masu mulki kan so rabin labarin Ayuba kawai. Gaskiya ne ya rasa 'ya'ya da dukiya bai saɓi Ubangiji ba, amma bai yi shiru ba: ya koka, ya nemi a ba shi amsa.

Matar da aka kashe wa miji, ta kawo mudun acca majami'a, Allah take gode wa da ya bar ta da rai. Ba ta janye tambayarta ga gwamnati ba: yaushe za ta koma gonarta?